FILIN KIMIYYA DA RAYUWA: Tsirran Bakin Teku Masu Haɗiye Guba

 Wannan watan na ajiye maganar da na shirya tun farko, saboda wata tambaya da wani dattijo ya tare ni da ita a Sabon Zango na Ankara, bayan an tashi daga wani taron suna. Shi dai wannan dattijo makiyayin raguna ne irin na cikin gida, wanda kan ɗaure guda huɗu ko biyar a bayan ɗaki yana turka su har zuwa Babbar Salla. Ya ce da ni: "Malam, na ji a rediyo wai masana sun gano ciyawar bakin teku tana tsotse guba daga cikin ƙasa ta gyara ta. To in ta tsotse, ina gubar take zuwa? Domin ni dai yarana daga bakin Korle suke yanko wa ragunana ciyawa." Na ce masa: "Baba, wannan tambaya taka ta fi ƙarfin amsar tsaye a bakin hanya, ka ba ni zuwa fitowar wata." To ga shi yau zan cika alkawari.

Bari mu fara da shi kansa tafkin na Korle, domin yaran yanzu sun ɗauka haka Allah ya halicce shi, baƙi ƙirin yana wari. Ba haka ba ne. Lokacin da Malam Bako ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, tafki ne mai rai, Gawa masu garin suna kama kifi da ƙaguwa a cikinsa, suna kuma girmama shi a al'adarsu, gefensa duk itatuwan ruwan gishiri ne. Da gari ya bunƙasa sai kogin Odaw ya koma babbar kwata, yana kwaso ruwan masana'antu da na garejin makanikai da na gidaje yana juye masa. Itatuwan aka sare, wurin aka cike da bola aka yi gini. An sha kawo injuna ana yashe tafkin, an kashe kuɗi masu yawa, amma da damina ta zagayo sai a koma gidan jiya.

Daga baya kuma ga kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Agbogbloshie, inda 'yan kondem suka yi shekaru suna fasa batura da talabijin da kwamfuta, suna ƙona waya domin su fitar da jan ƙarfe. A 2013 wata ƙungiya ta Amurka mai suna Blacksmith Institute, tare da Green Cross ta Suwizalan, ta sanya wurin cikin wurare goma mafi gurɓata a duniya. A watan Yuli na 2021 gwamnati ta rushe kasuwar, a daidai lokacin da aka mayar da 'yan'uwanmu masu sayar da albasa zuwa Adjen Kotoku. Rumfuna sun tafi, amma abin da ya shiga ƙasa yana nan inda yake. Katafila ba ta rushe dalma.

Mene ne wannan abin da ya shiga ƙasa? Masana suna kiransu ƙarafa masu nauyi. Wasu mun san su tun kaka da kakanni: dalma, da jan ƙarfe, da tutiya, da zaiba wadda 'yan galamse ke kama zinariya da ita. Wasu kuma ba mu da sunansu sai na Turawa, kamar kadmiyom da kuromiyom da arsanik. Jiki yana bukatar ɗan kaɗan na tutiya da jan ƙarfe. Amma dalma da zaiba da kadmiyom ba su da wani amfani ga jiki ko ƙanƙani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa, kuma hanjin ƙaramin yaro yana tsotsar dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi ba ya gane karatu, a yi ta dukansa a makaranta alhali ba laifinsa ba ne. Kadmiyom kuwa ƙoda yake ci, ya sa ƙashi ya yi taushi. Mutanen lardin Toyama na Japan sun ɗanɗana wannan, lokacin da ruwan ma'adinai ya shiga kogin Jinzu da suke ban-ruwan shinkafa da shi. Cutar har aka raɗa mata suna daga kukan da masu ita ke yi don zafi, kuma gwamnati ta amince da musabbabinta a 1968.

Abu guda nake so mai karatu ya riƙe kafin mu ci gaba, domin duk maganar a kansa ta rataya. Man fetur idan ya zube a ƙasa, ƙwayoyin halitta na iya cinye shi a hankali har ya ƙare. Ƙarfe ba haka yake ba. Ba ya ruɓewa, wuta ba ta cinye shi, tafasa ba ta kashe shi. Sai dai ya tashi daga nan ya koma can.

To yanzu mu gangara bakin teku. Duk manomi ya san gishiri abokin gabar shuka ne. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, kuma in ka yi wa masara ko wake ko albasa ban-ruwa da shi, kwana kaɗan za su bushe. Dalili biyu ne. Na farko, gishiri yana janye ruwa, kamar yadda kika gani uwargida in kin barbaɗa shi a kan yankakken kabeji ya fara tsatsafo da ruwa. Shuka tana tsaye cikin ruwa amma ƙishirwa na kashe ta. Na biyu, in gishirin ya shiga jikinta da yawa sai ya dagula aikin da ke gudana a cikin ganye. Amma duk da haka je ka Sakumono kusa da Tema, ko Songor ta wajen Ada inda ake ɗibar gishiri, ko tafkin Keta, ka ga tsirrai kore shar suna zaune cikin ruwan da zai kashe gonarka. Yaya suke yi?

Kowanne da dabararsa. Akwai itacen da Turawa ke kira mangurof. Ba mangwaro na ce ba, kada wani ya ɗauki kwando ya nufi Ada. Irinsa na farko shi ne mai saiwoyi dogaye da ke fitowa daga jikin kututture su lanƙwaso su cake cikin laka, kamar mutum ya tsaya a kan ƙafafu ashirin. Masana na kiransa Rhizophora. Wannan mai gadin ƙofa ne. Saiwarsa tana da wani irin rariya mai ƙarfi wadda ke barin ruwa ya wuce ta tare mafi yawan gishirin a waje. Iri na biyu, Avicennia, shi ne wanda za ka ga ƙananan saiwoyi sun tsiro kewaye da shi daga cikin laka suna kallon sama kamar an kakkafa fensira, da su yake numfashi. Shi yana barin gishiri ya shiga fiye da na farkon, amma yana da ƙananan kafofi a ganyensa da ke fitar da shi kamar gumi. In rana ta yi zafi ka duba ganyen za ka ga farin gishiri ya bushe a kai. Ni da kaina na taɓa lasa a Ada, gishiri ne sosai, ko da yake bayan abin da zan faɗa nan gaba ba zan sake lasar na ko'ina ba sai na san ruwan da ya sha.

Na uku shi ne wanda ya fi shafar tambayar Baba. Wata 'yar ciyawa ce mai yaɗo a ƙasa, ganyenta ƙanana masu kauri cike da ruwa, jijiyarta ja-ja, furenta ɗan ƙarami mai launin hoda. Duk wanda ya taɓa tafiya gefen tafkunan bakin tekunmu ya taka ta. Sunanta a littafi Sesuvium portulacastrum. Ita ba ta tare gishiri ba ta kuma fitar da shi, ajiyewa take yi. Kowace ƙwayar halitta ta ganyenta tana da wani ɗan rumbu a tsakiya, to a nan take tura gishirin ta rufe, ta tara ruwa ta surka shi, shi ya sa ganyen ya kumbura. Sa'an nan ta haɗa wasu sinadarai nata na kanta, irin su furolin, waɗanda ke riƙe ruwa a sauran jikin ƙwayar don kada ta bushe.

Abin da ya ja hankalin masana shi ne, waɗannan dabaru da tsiron ya tanada don gishiri su ne kuma suke yi masa amfani idan ya gamu da ƙarfe mai guba. Rumbun da ke ɗaukar gishiri yana ɗaukar kadmiyom. Ƙofar saiwa da ke tare gishiri tana tare dalma. Maganin da tsiron ke haɗawa don gyara ɓarnar da gishiri ke yi wa ganye shi ne dai yake gyara ɓarnar ƙarfe. Bugu da ƙari tsirrai suna da wasu sinadarai masu ƙibiritu a jikinsu da ke kama ƙarfen su ɗaure shi kamar an ɗaure mahaukacin sa, kafin a kai shi rumbu. Wanda ya saba da wahala ɗaya, ta biyu ba ta cika firgita shi ba.

A wata cibiyar bincike da ke Borj Cedria a ƙasar Tunisiya, Chedly Abdelly da Tahar Ghnaya da abokan aikinsu sun yi shekaru suna gwada wannan ciyawa tamu ta Sesuvium tun wajen 2005. Sun ga tana jure kadmiyom fiye da tsirrai na gama-gari, tana kuma hawo da wani kaso nasa zuwa ganye. Abin mamaki ma, da suka ƙara gishiri a ruwan da suke ba ta sai ta ƙara jure gubar maimakon ta raunana. A tsibirin Kirit na ƙasar Girka kuma an gwada wani itacen gishiri mai suna Tamarix, aka tarar kafofin da yake fitar da gishiri ta ganye suna fitar da dalma da kadmiyom tare da shi. Kun ga dalilin da na ce na daina lasa.

Sai dai kada wani mai lambu ya ji wannan ya ce ashe gishiri kariya ne. Ga amfanin gona akasin haka ne. An gani a Ostareliya cewa dankalin Turawa da alkama da aka noma a ƙasa mai gishiri sun fi ɗaukar kadmiyom, domin gishirin yana kwance shi daga jikin ƙasa ya shiga ruwa, saiwa ta sha.

A wajen mangurof kuwa, babban aikin ba itacen ne ke yinsa shi kaɗai ba, lakar da ke ƙarƙashinsa ce. Saiwoyin nan masu yawa suna rage gudun ruwa, sai dattin da ruwan ya ɗauko ya kwanta. Lakar ba iska a cikinta, shi ya sa in ka taka ta take warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan warin na ƙibiritu ne, kuma shi ne ke haɗuwa da dalma da tutiya da kadmiyom ya mayar da su wani gari wanda ba ya narkewa a ruwa. In ka tono saiwar kuma za ka ga wani jan ɓawo kamar tsatsa ya lulluɓe ta. Wannan tsatsar ma tana kama ƙarfe ta riƙe. Saboda haka mafi yawan gubar tana tsayawa a laka da saiwa, kaɗan ne ke hawa sama. Dajin mangurof kamar asusu ne da aka binne a bakin teku, yana tara abin da gari ya zubo don kada ya kai ga kifi. To amma ranar da aka sare itatuwan, ko aka yashe lakar aka jibge ta a rana, iska ta shige ta, sai ta yi tsami, ƙarfen da aka ɗaure shekara da shekaru ya kwance ya bi ruwan sama na farko. Wannan ne ya sa duk lokacin da na ga tulin baƙar lakar da aka yaso daga Odaw an bar ta a gefen kwata tana bushewa yara na wasa a kai, raina yake ɓaci. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Yanzu mu zo ga masu cewa a shuka ciyawa a Agbogbloshie ta tsotse gubar kowa ya huta. Ra'ayin yana da daɗin ji, kuma ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Akwai tsirrai masu haɗamar ƙarfe na ban mamaki. A tsibirin Sabuwar Kaledoniya an gano a 1976 cewa akwai wani itace wanda ƙaronsa shuɗi-kore ne saboda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshensa ƙarfen nikel ne. A 2001 Lena Ma ta Jami'ar Florida a Amurka ta bayyana wani tsiro mai suna Pteris vittata da ke tara arsanik a ganyensa, kuma an yi aiki da shi a gonaki a ƙasar Sin. Amma bari mu ɗauki alli mu yi lissafi irin na ɗan kasuwa, a matsayin misali kawai. Fili mai faɗin hekta ɗaya, in ka auna ƙasarsa ta sama zurfin santimita 20, nauyinta ya kai wajen tan 2,600. A ce kowane tan yana da kilo ɗaya na dalma. Dalma kilo 2,600 ke nan. A ce ka sami tsiro mai ba ka busasshen ganye tan 10 a shekara, kuma kowane tan ya ɗauko kilo ɗaya na dalma, wanda ba ƙaramin tsiro ne zai iya haka ba, domin dalma ba ta son hawa ganye. Kilo 10 ke nan a shekara. Raba 2,600 da 10 ka gani: shekara 260. Jikan jikanka ma ba zai ga ƙarshen aikin ba. Sa'an nan kowace shekara sai an yanke ciyawar, an ƙona ta a wurin da hayaƙi ba zai fita ba, an binne tokar a rami mai kariya. In aka bar ta ta ruɓe a wurin, gubar ta koma gida.

Shi ya sa inda guba ta yi yawa kuma akwai yara, ba a jiran ciyawa. Da yawanmu muna da dangi a Zamfara, mun kuma tuna abin da ya faru a 2010, lokacin da likitocin ƙungiyar MSF suka tarar yara na mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, saboda ana niƙa dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje. Yara sama da 400 suka rasu. Abin da aka yi a can shi ne aka kankare ƙasar tsakar gidaje da shebur, aka kwashe aka binne, aka zubo sabuwa. Garin Bagega sai a 2013 aka kai gare shi. Ba wanda ya ce a shuka wani abu a jira.

To ina amfanin tsirran ke nan? Amfaninsu yana wajen riƙewa, ba kwashewa ba. Filin da aka bari tsirara, iskar hunturu tana kwasar ƙurarsa ta kai cikin kwanon kokon mai sayarwa a bakin titi, ruwan sama kuma ya wanke shi zuwa teku. In aka rufe shi da tsiro mai jure gishiri da guba, ƙura ta kwanta, zaizaya ta ragu. A irin ƙasar bakin Korle mai gishiri-gishiri, ciyawar tudu ba za ta rayu ba, sai irin su Sesuvium da ciyawar tafki mai suna Paspalum vaginatum. A nesa da gishiri kuma akwai dangin jema, wadda iyayenmu ke saƙa faifai da zana da ita. 'Yar'uwarta ta Indiya tana da saiwa mai nutsawa mita biyu zuwa uku, ana shuka ta a kan juji na ma'adinai a ƙasashe da dama don ta riƙe ƙasa. Kuɗin wannan aiki bai kai na kawo injuna ba, amma yana bukatar shinge da mai gadi, domin a garinmu duk inda kore ya fito akuya ta riga ka gani.

Ƙasarmu Gana ta sa hannu a yarjejeniyar kare fadamu da aka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971, kuma a 1992 aka sanya wurare biyar na bakin teku a ƙarƙashinta: Keta, Songor, Sakumo, bakin kogin Densu, da Muni-Pomadze ta wajen Winneba. A takarda an kare su. A ƙasa kuwa, duk wanda ya bi hanyar Sakumono ya ga yadda gidaje suka ci cikin fadamar. A Anyanui, can bakin kogin Volta, akwai kasuwa guda ta itacen mangurof, domin masu ƙyafe kifi sun fi son sa. Ba na zargin matar da ke neman abin da za ta ciyar da 'ya'yanta, kuma wasu masu filaye a can suna sake dasawa bayan sun sara, abin da ya kamata a yaba. Waɗanda suka fi burge ni su ne matan Tsokomey da Bortianor da Tetegu a bakin Densu, masu tsintar wata halittar ruwa mai ɓawo biyu da ake kira oyista. Tun 2017 suka amince a tsakaninsu su riƙa rufe tsinta na wasu watanni kowace shekara, suna kuma dasa mangurof da hannunsu. Ita oyista tace ruwa take yi ta ci, duk abin da ke cikin ruwan yana taruwa a jikinta, saboda haka su sun fi kowa sanin darajar itacen da ke tare datti kafin ya iso.

Baba, ga amsarka. Gubar da ciyawa ta tsotsa tana cikin ciyawar. Wadda ba ta tsotsa ba ma tana kanta, domin ƙura da toka da lakar kwata suna manne wa ganye, kuma sau da yawa wannan ta waje ta fi ta ciki yawa, musamman in yaran sun tumɓuko ciyawar da saiwarta da ƙasarta. Rago ya ci, ba lallai ya nuna wata alama ba, yana iya yin ƙiba har a yaba. Amma kadmiyom da dalma suna taruwa a ƙodarsa da hantarsa, su kuwa ka san su ake fara gasawa ranar Salla a miƙa wa yara. Wanki yana rage ƙurar da ke kan ciyawa, ba ya fitar da wadda ke ciki.

Saboda haka ka hana yaran nan yanka a bakin Korle da gefen Odaw, da duk wurin da aka taɓa ƙona waya ko fasa batur, ko da yanzu ya yi kore ya yi kyau. Su nufi wajen gari inda ruwan kwata ba ya bi, su yanka daga sama su bar saiwa a ƙasa. Na san kuɗin mota zai ƙaru. To masu turka na unguwa ɗaya ku haɗa kuɗi ku ɗauki mota guda, ku cike da dusa da ɓawon rogo da na ayaba da harawa. Ragunan da suka riga suka ci wata da watanni, a canza musu abinci tun yanzu, in an yanka kuma a bar ƙoda da hanta kada a ba yara da masu juna biyu. Su ma yaran masu yankan, su wanke hannu da ƙafa da sabulu kafin su ci abinci, kada su shiga ɗaki da takalman da suka taka lakar.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu leƙa lambunan latas da kabeji da ake yi wa ban-ruwa daga kwatocin Ankara da Kumasi.